Taswirar Kanada da na saya a Jidda

Tunda ɗana ya tafi karatu Toronto, mahaifiyarsa kullum sai ta ce masa a waya: "Ka leƙa ka gaida kawunka a Bankuba mana." Shi kuma dariya kawai yake yi. Abin ya ishe ni, na shiga wani shagon littattafai a nan Jidda na sayo taswirar Kanada ta bango, riyal 45, mai rufin leda.

Da farko sun ba ni haushi. Ina buɗe ta a gida, 'yar autata ta ce: "Baba, ina Nunabut?" Babu shi. Yankin nan tun 1999 aka yanke shi daga Yankunan Arewa maso Yamma, ashe tsohon kaya suka naɗo mini. Na koma washegari da rasit, yaron shagon ya canza mini ba gardama, har da ba ni haƙuri.

Sabuwar ta yi kyau. Larduna 10 da yankuna 3, kowanne da launinsa, ga ma'aunin nisa a ƙasa. Da zare muka auna daga Toronto zuwa Bankuba, ya haura kilomita 3,000, tafiyar wajen awa 5 a jirgi. Hajiya ta riƙe baki, ba ta sake maganar leƙa kawu ba.

Amma abin da ya tsayar da ni gabanta shi ne yadda garuruwan suka taru a gindin takardar, daf da iyakar Amurka. Daga Winsa zuwa birnin Kwibek, ka bi ta Toronto da Otawa da Monturiyal, kusan rabin mutanen ƙasar a wannan siririn layin suke. Sama kuwa fili fetal, sai tafkuna da duwatsu da ƙanƙara, ƙasar ba ta nomuwa. Nunabut kaɗai ya kusa girman Saudiyya, amma a ƙidayar 2021 mutanensa ba su kai 40,000 ba, kuma babu titin mota da ya kai Ikaluwit, hedikwatarsa. Sai na tuna Rub'ul Hali, babbar hamadar nan ta kudancin Saudiyya, da yadda mu ma muka cunkushe a Riyad da Jidda da Makka. Can sanyi ne ya koro mutane, nan yashi.

Wannan cunkoson ne aibin taswirar. Rubutun kudancin Ontariyo, lardin da Toronto take ciki, ƙanana ne sosai, sai na sa tabarau na matso da fitilar waya kafin na gano Hamilton, alhali arewa ta cinye rabin takarda ba komai a kai. Da sun ware ɗan akwati a gefe sun faɗaɗa kudun. Kuma babu Larabci ko kaɗan, Turanci ne da Faransanci.

Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba. In za ku saya, ku sa a warware muku ita a shagon ku nemi Nunabut tukuna. Tamu tana falo, Hajiya ta manna jan salatif a kan Toronto.