Wata takwas ina sa sikleral lens saboda bushewar ido, ga abin da na gani

Ni dai bushewar idona ta samo asali ne daga ciwon Stevens-Johnson, wani mummunan ciwo mai saɓule fata ya taɓa har ido, da ya kama ni bayan na sha wani magani mai sulfa, jiki ya warke alhamdulillahi amma hawaye ya ƙafe. Ji nake kamar an watsa min rairayi a ido tun safe har dare, ko hasken waya sai na runtse, maganin ɗigawa kuwa yana jakata kamar carbi, kowane rabin awa sai na ɗiga. Idan hunturu ya shigo Kano da ƙurarsa ko tsakar gida bana iya zama.

Likitan idona ne ya tura ni wajen wata mai gwada lens, ita ta fara nuna min sikleral lens ɗin, gaskiya da na gan shi sai da gabana ya faɗi don ya fi lens ɗin kwalliya da muka sani girma kuma mai tauri ne. Nawa faɗinsa milimita 16 da rabi, baƙin ido kuwa bai wuce 12 ba, to shi ya sa gefensa a kan farin ido yake zama, tsakiyarsa ta yi rumfa a saman baƙin idon bata taɓa shi sam. Kafin ki sa sai kin cika shi taf da ruwan salain, wato ruwan gishiri irin na asibiti, wanda ba a zuba masa sinadarin hana lalacewa ba, ki sunkuya fuskarki na kallon ƙasa, ki buɗe fatar idon da yatsu ki manna. Wannan ruwan shi ne duk sirrin, idonki yana jiƙe a ciki wuni guda, iska bata samunsa ƙura bata samunsa.

Ranar farko da aka sa min wallahi shiru na yi a kan kujerar, zafin da na saba da shi shekara huɗu ya ɗauke kamar an kashe fitila. Na koma gida na yanka albasa ko yaji ban ji ba. Yanzu ina kai awa goma zuwa sha biyu da shi, na koma ɗinki, na koma karatun Alƙur'ani ba tare da ruwan ɗigawa a gefena ba.

Amma akwai wahala kuma ya kamata a faɗa. Ba abu ne da za ki yi oda a intanet ki maƙala ba, sai an auna idonki an gwada, ni sau uku na koma kafin ya zauna daidai saboda na hagun yana matse min gefe, idan na cire sai in ga jan zobe a farin idon, sai da aka sake yin wani. Kuɗinsa ma ba wasa ba tunda daga waje ake yo shi, dala ta motsa farashi ya motsa. Satin farko sa shi kaɗai yana ci min minti ashirin, ruwan ya zube ko kumfar iska ta shiga ciki, kuma in kumfa ta shiga dole ki cire da wani ɗan roba mai tsotsa ki sake daga farko don wajen kumfar bushewa yake yi. Yanzu minti biyu na gama.

Sai hazo. Wajen la'asar gani na yakan yi dishi-dishi saboda datti na taruwa a ruwan, sai na cire na ɗauraye na sake cikawa. Kuma fatar ido da gefen da lens ɗin bai rufe ba suna nan da bushewarsu, har yanzu ina ɗiga magani jefi-jefi, da dare kuma na sa man ido tunda ba a kwana da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne samun salain ɗin, ƙananan robobin nan da ake buɗewa a yi amfani sau ɗaya a yar ba kowane kemis ke da su ba, sai na saya da yawa na ajiye. Don Allah kar wata ta ce za ta haɗa ruwan gishiri a gida ko ta wanke da ruwan famfo ko fiya wata, akwai ƙwayar cuta mai suna Acanthamoeba a ruwa da kan iya makantar da mutum. Ni da ruwan haidurojin feroksaid na lens nake jiƙa shi, sai ya yi awa 6 a cikin kwalbarsa kafin ya taɓa ido, in ba haka ba ƙuna ce. Wajen alwala ina rufe idona gam, wanka kuwa cirewa nake. Masu kwalli, lens ɗin ake fara sawa, ni ma dai na haƙura da kwallin cikin ido gaba ɗaya.

Wadda bushewarta 'yar kaɗan ce, irin ta yawan kallon kwamfuta, bana ganin tana buƙatar wannan ɗawainiyar da kashe kuɗin, ta fara da ruwan ɗigawa da gasa ido da tsumma mai ɗumi. Amma mai irin tawa, ko mai ciwon Sjogren da ke busar da ido da baki, ko wadda baƙin idonta ya yi tsini, ta tambayi likitanta ko za a gwada mata ko da na awa ɗaya ne a asibiti. Ni dai na riga na fara tara kuɗin na biyu tun kafin wannan ya tsufa.