Laccocin Susskind a YouTube da rigimar ƙarfin nauyi da kwantam

Duk mai son sanin abin da ya hana ka'idar Einstein ta 1915 kan ƙarfin nauyi zama inuwa ɗaya da kimiyyar kwantam, wato kimiyyar ƙananan ƙwayoyin halitta, ina ba shi shawarar laccocin Farfesa Leonard Susskind da Jami'ar Stanford ta ɗora a YouTube. Kyauta ne. Dattijo ne da allo da alƙalami, sai ɗalibai manya da ke katse shi da tambaya, shi kuma ya tsaya ya amsa.

A wurinsa na gane inda gizo ke saƙar. Lissafin kwantam yana buƙatar fili tsayayye da agogo tabbatacce, sannan ƙananan ƙwayoyi su yi harkarsu a ciki. Einstein kuwa cewa ya yi filin da agogon su ma lanƙwasuwa suke yi, kuma lanƙwasar nan ita ce ƙarfin nauyi. To idan ƙwayar lantarki tana iya kasancewa nan da can a lokaci guda, ta wane ɓangare sararin zai lanƙwasa? Da aka gwada dabarun da suka yi aiki a kan haske da lantarki, sai lissafin ya dinga haifar da adadi marar iyaka da ya ƙi sharuwa. Masana kimiyya 't Hooft da Veltman sun ci karo da hakan tun 1974. Gwaji ma ya gagara, domin tsayin Planck, inda ake sa ran ganin karon, ya fi ƙwayar furoton da ke tsakiyar atom ƙanƙanta sau biliyan ɗari sau biliyan.

Inda ya fi burge ni shi ne baƙin rami, wato wurin da ƙarfin nauyi ya yi tsananin da ko haske ba ya iya kuɓuta. Masanin kimiyya Stephen Hawking ya nuna a 1974 cewa ramin yana fitar da tururin zafi, daga baya ya ce bayanin abin da ya faɗa ciki ya salwanta. Susskind ya yi shekaru yana jayayya da wannan, har Hawking ya janye a 2004. Jin labarin daga bakin wanda aka yi da shi daban ne.

Sai dai ka shigo da lissafin kalkulas, kuma ka ajiye takarda da biro kusa, don za ka riƙa dakatar da bidiyon. Susskind yana cikin waɗanda suka assasa ka'idar tsirkiya, mai cewa ƙananan ƙwayoyi tsirkiyoyi ne masu kaɗawa, don haka hujjojin ɓangaren su Rovelli da Smolin, masu wata ka'idar ta daban, ka nemo su daga bakin masu su.