Zanen feshi mai salo ko zanen da ya fito sak kamar hoto?

Ɗan'uwa ka tambaya wanne ya fi tsakanin zanen feshi irin wanda ake yi a tankin babur da hular kwano da riguna, da kuma zanen nan da in ka gani sai ka rantse kyamara ce ta ɗauka, kuma wanne ya kamata ka fara koya.

To ka ga ita bindigar feshi, wato eyaburosh, kayan aiki ce kawai, shi kuwa fotoriyalizim, wato zanen da ya fito sak kamar hoto, buri ne, shi ya sa sukan haɗu a hannun mutum ɗaya. Chuck Close, mai zane ɗan Amurka, da ya zana fuskarsa tsakanin 1967 da 1968, baƙi da fari, tsayin zanen ya kusa ƙafa 9, ai da feshi ya yi, ya tsaga hoton fuskar tasa gida-gida yana bin kowane gida, har da reza yake kankare fenti don ya fito da gashi. Richard Estes kuma da buroshi ya riƙa zana gilasan shagunan New York, amma duk layinsu ɗaya. Sunan fotoriyalizim ɗin ma wani dillalin zane-zane, Louis Meisel, ne ya raɗa shi a 1969.

Inda suka rabu shi ne wa ke ba da umarni. Mai zanen kamar hoto, hoton ne ubangidansa, duk abin da kyamara ta gani sai ya sa, ƙurajen fuska, gumi, kai har inda hoton ya yi dishi-dishi shi ma dole ya dusashe wurin, kuma aiki ɗaya sai ya ci watanni. Mai salo kuwa shi ke da wuƙa da nama. Duba yadda suke zana ƙarfe mai ƙyalli: shuɗi a sama kamar sararin samaniya, baƙin layi a tsakiya, ruwan ƙasa a ƙasa, sannan a ɗiga farin tauraro a gefe, ba wani ƙarfe da yake haka a zahiri amma ido na gani zai ce ƙarfe ne. Abin da Hajime Sorayama na Japan ya yi suna da shi ke nan a zanen mutum-mutuminsa na ƙarfe, haka ma masu zana motocin lowrider, wato motocin ado da ake saukar da jikinsu dab da ƙasa, a Los Angeles.

Ni dai gaskiya na salon ya fi taɓa min zuciya, don ina ganin hannun mai shi a ciki, ɗayan kuwa ina jinjina wa haƙurin ne.

Amma kar ka ɗauka feshi sauƙi ne. Yatsa ɗaya ke danna kunamar bindigar iska ta fito, ya kuma ja ta baya fenti ya fito, in ka tsinka fentin da yawa ko ka matso kusa sai ya watse kamar ƙafar gizo, in ya yi kauri ya bushe a bakin allurar da ke cikin bindigar ya fara tofi. Shawarata ka fara da fensir, ka kwafi hoto baƙi da fari har idonka ya san haske da inuwa, sannan ka ɗauki bindiga ka cika takardu da ɗigo da layi kafin ka taɓa fuskar kowa. Kuma don Allah ka sa takunkumi mai tace iska, ƙurar fentin nan huhu take shiga.