ForeignAssistance.gov: shafin kuɗin tallafin Amurka, na gwada shi

Musu ne ya kai ni shafin nan gaskiya. Wani abokina ya dage wai ai Amurka tana da doka, duk gwamnatin da ta tare motocin agaji sai a yanke mata tallafi, ni kuma na ce mishi dokar dai akwai ta amma nuna mun sau ɗaya da aka yi aiki da ita, muka yi ta ja har dare, daga baya na ce bari in je inda lissafin yake in gani da idona.

Shafin na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ne, kyauta ne, ba rajista ba komai, ka buɗe kawai ka zaɓi ƙasa a taswira sai alƙaluma su fito, kuma bayanan sun koma baya har 1946. Abin da ya fi burge ni shi ne yana raba kuɗin da aka yi alƙawari da kuɗin da aka fitar a zahiri, don mutane da yawa nan suke ruɗewa, su ji an ce biliyan kaza su ɗauka ya riga ya shiga hannu. Yana kuma raba na soja da na tattalin arziki, kana iya sauke fayil ɗin gaba ɗaya ka yi naka lissafin. Sai dai a kula, shekarar kuɗinsu daga 1 ga Oktoba take farawa zuwa 30 ga Satumba, kuma shekarun baya-bayan nan rahotonsu bai cika ba, shi kanshi shafin yana faɗa. Turanci ne zalla, a waya kuma sai ka yi haƙuri da ƙananan rubutu, kwamfuta ta fi.

To dokar da muke musu a kai, sashe na 620I ne na dokar tallafin ƙasashen waje ta 1961, an ƙara shi a 1996. Ya ce in shugaban Amurka ya samu labarin wata gwamnati tana hana ko takura shigar agajin Amurka, kai tsaye ko ta bayan fage, to ba tallafi ba kuɗin makamai. Asalinta saboda Turkiyya ce da ta rufe iyakarta da Armeniya a 1993, agajin Amurka ya kasa wucewa ta nan. Amma fa an bar ƙofa, shugaba zai iya ɗage ta in ya ce tsaron ƙasa ne, Shugaba Clinton kuwa ya ɗage wa Turkiyya.

Sai na danna Isra'ila. Layin nan yana tafiya ba yankewa, aƙalla dala biliyan 3.3 na tallafin soja kowace shekara bisa yarjejeniyar 2016, ban da miliyan 500 na kariyar makamai masu linzami da ke bi ta wata hanya daban. A 13 ga Oktoba 2024 Blinken da Austin, sakatarorin harkokin waje da tsaron Amurka na lokacin, sun rubuta wa Isra'ila wasiƙa sun ba da kwana 30 a buɗe wa agaji hanya, har suka ce tirela 350 a rana su shiga Gaza, wa'adin ya cika a Nuwamba Amurka ta ce ba ta samu karya doka ba. Daga 2 ga Maris 2025 Isra'ila ta rufe shigar kaya Gaza kwata-kwata har tsakiyar Mayu, tallafin bai tsaya ba. Na juya wa abokina allon na ce ga shi nan, ya yi shiru yana ta gungura shi sama da ƙasa kamar zai ga wani rami a layin.

Nan ne kuma iyakar shafin, kuɗi yake nunawa, ba ya gaya maka dalili. Babu wani gurbi da zai ce an rage wa ƙasa kaza don ta tare agaji, ko an ɗage mata dokar, in ka ga layi ya sauka sai ka fita neman labari da kanka, musamman a 2025 da aka rushe USAID, hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, tallafin ƙasashe da yawa ya sauka lokaci guda, wanda bai sani ba zai ɗauka hukunci ne aka yi wa wani. Kuma na Amurka ne kaɗai, misali lokacin yaƙin Tigray Tarayyar Turai ta dakatar da kusan yuro miliyan 88 na tallafin kasafin Habasha saboda hana shigar agaji, wannan ba za ka gan shi a nan ba.

Ni dai tauraro huɗu cikin biyar na ba shi. In za ka shiga, fara da zaɓar kuɗin da aka fitar, ka kuma duba shekarar ko rahotonta ya cika kafin ka ɗauki hoton allo ka tura wa mutane.