Asibitin Cutar Noma na Sakkwato: abin da na gani da idona

Duk wanda cutar noma ta ci wa ɗansa fuska, shawarata ita ce ya nufi Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato kafin ya sayar da akuya ko gona. 'Yar ƙanwata na raka, yarinya 'yar shekara bakwai da ciwon ya kama bayan ta tashi daga ƙyanda. Da kumburin dasashi da warin baki ya faro, cikin 'yan kwanaki kuncinta na hagu ya ɓule. Allah ya yi da sauran kwananta, amma muƙamuƙinta ya kafe, kunu ma sai ta gefen haƙora ake ɗura mata.

An buɗe asibitin a 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar agaji ta likitocin ƙasa da ƙasa mai suna MSF ke aiki da ma'aikatar lafiya a can. Lokaci-lokaci a cikin shekara likitocin fiɗa da masu sa barci kan zo daga ƙasashe daban-daban, su haɗu da namu na gida su yi wa yaran aiki. Ko sisi ba a karɓa daga hannunmu ba.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba su yi gaggawar ɗaukar wuƙa ba. Sai da aka auna nauyinta da jininta, aka ɗora ta kan madara da abinci mai gina jiki har ta murmure. Ranar da baƙuwar likitar ta duba ta, wata nas ce ta tsaya tana yi mana bayani da Hausa. Ta ce da ni, "Baba, aikin nan ba na rana ɗaya ba ne. Za a fara sakin muƙamuƙin, a yanko fata daga ƙirjinta a rufe ramin, gyaran leɓe kuma sai wani zuwan." Babu wanda ya yi mana alkawarin fuska za ta koma yadda take da, kuma na ji daɗin wannan gaskiyar.

Na lura a zagayen safe, baƙin kan tsaya gefe, likitan gida ya buɗe bandeji, su tattauna, wani lokacin shi ne ma yake gyara musu. Bayan sun tafi, waɗannan ma'aikatan ne suka ci gaba da komai. Mai gashin ƙashi kan jera 'yan siraran katakon nan na duba maƙogwaro tsakanin haƙoranta, yau a ƙara ɗaya, jibi a ƙara wani, don kada bakin ya sake kafewa. Tana kuka, uwarta na kuka, shi kuwa yana lallashi har a gama.

Na taɓa ganin akasin haka. Wata tawagar likitoci ta sauka a yankinmu, ta yi aikin gwaiwa cikin mako guda, aka ɗauki hotuna, ta kama hanya. Ɗinkin maƙwabcina ya yi ruwa, ba shi da wanda zai tambaya.

Wahalar da ya kamata mutum ya shirya mata ita ce jira. Tsakanin aiki da aiki akan ɗauki watanni, kuma barin gida da sauran yara, musamman da damina, ba ƙaramin abu ba ne ga uwa.

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Najeriya ce kuma ta jagoranci neman hakan. Kusan tara cikin goma na yaran da ba su samu magani ba mutuwa suke yi, alhali a farkonta ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsayar da ita. Idan dasashin yaro na zubar da jini, baki na wari, kunci ya fara kumbura, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a tsaya jiran zuwan baƙi.