Ƙaramin piyano na yara mai waƙoƙin Kirsimeti: ya yi, amma da saura

Na saya wa yarana ƙaramin piyano mai batir a kasuwa nan Jos, irin wanda aka zuba wa waƙoƙin Kirsimeti tun daga kamfani. Nufina su ɗan saki waya su kama waƙa kafin Disamba ta ƙare.

Abin da ya fi burge ni shi ne fitilun madannan. Idan ka zaɓi waƙa, madannin da za ka taɓa sai ya yi ja, ba kuma zai wuce gaba ba sai ka danna shi. Autata, wadda ko karatu ba ta iya ba, da yatsa ɗaya take bin Silent Night, harshe a waje, tana harara duk wanda ya matso. Waƙar ta dace da irin wannan koyo, don tana tafiya a hankali. Dama asalinta ba da manyan kayan kiɗa aka fara rera ta ba: da jita aka raka ta a garin Oberndorf na ƙasar Ostiriya a 1818, Joseph Mohr ya rubuta baitocin, Franz Gruber ya sa musu kari.

Matsalar ita ce piyanon kiɗa kawai yake bayarwa, babu kalma ko ɗaya. Sai da kakarsu ta ɗauko tsohon Littafin Waƙoƙinta na coci, wanda bangonsa ya sha selotef, ta ce, "Ku zo nan, jikokina, waƙa ba ta yiwuwa da baki a rufe." Ita ta koya musu baitocin da Hausa, suna dannawa tana rerawa. Ba don ita ba, da hayaniya kawai na saya.

Zaɓin waƙoƙin ma bai gamsar da ni ba. Mafi yawansu na dusar ƙanƙara ne da keken doki, mu kuwa hunturu muke fama da shi, leɓe a tsage. Jingle Bells da yaran suka fi nacewa, wadda aka wallafa a Amurka a 1857, ko ambaton Kirsimeti ba ta yi ba, balle haihuwar Almasihu.

Batir kuwa yana cinye shi ba tausayi, kuma ƙarar ba ta raguwa sosai, don haka da asuba sai na ɓoye shi saman kabad. Idan akwai mai rera waƙoƙin a gidanku, saya. Idan babu, fara neman littafin tukuna.