Wasiƙa daga Birmingham: barka da ƙarin shekara, da bayanin makullin sabuwar mota

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya da sauran 'yan uwa baki ɗaya, ina taya ka murnar cika shekara 50 a duniya. Allah ya albarkaci shekarun da suka rage, ya ƙara lafiya da buɗi, ya raya maka zuriya, ya sa a gama da duniya lafiya. Na san biki a kan wannan rana ba al'adar gidanmu ba ce, don haka addu'a kawai na aiko, sai kuma amsar tambayar da ka yi mini game da motar da na saya, da ko irinta za ta dace da kai a Kano.

A nan Ingila ranar haihuwa kasuwa ce mai zaman kanta. Akwai shaguna irin su Card Factory waɗanda yawancin hajarsu katin gaisuwa ce da balan-balan da takardar naɗe kyauta, kuma katin mai shekara 50 daban yake da na mai 60. A wurin aiki ana zagayawa da kati a ɓoye kowa ya sa hannu, amma mai ranar ne zai sayo kek ya raba wa abokan aiki, tsarin da har yanzu nake ganin an juya shi. Wanda Allah ya kai shi shekara 100 kuwa yakan sami kati daga Sarki, al'adar da ta faro a 1917 zamanin Sarki George na Biyar. Sai dai mafi yawan gaisuwar da ke shigo wa mutum a wannan rana kwamfuta ce ke aiko ta, daga shaguna da kamfanonin da ya taɓa ba wa bayanansa, kuma kusan kowace tana ɗauke da rangwamen da zai ja shi ya je ya kashe kuɗi. Inda ranar take da nauyi na gaske shi ne a takardu: kamfanin inshorar mota yana duba ta kafin ya yanka maka farashi, matashi ɗan ƙasa da shekara 25 yana biyan kuɗi mai tsanani, kuma da mutum ya kai 70 sai ya riƙa sabunta lasisinsa duk bayan shekara 3. Irin 1 ga Janairun da yawancin dattawanmu suke rubutawa don cike gurbi ba za ta yi aiki a nan ba idan ta saɓa da abin da ke cikin fasfo.

Ita kuwa motar, tuƙinta bai ba ni wahala ba kamar yadda makullinta ya ba ni aiki. Babu wurin zura makulli a juya. Ɗan rimot ne ake sakawa a aljihu, idan ka matso kusa da ita kamar taku ɗaya ko biyu ka kama hannun ƙofa sai ta buɗe, idan ka zauna ka taka burki ka danna maɓalli sai ta tashi. Da ta fara gudu kaɗan za ka ji ƙofofin duka sun kulle da kansu, wanda ni a ganina alheri ne ga mai bin cunkoso da dare. Idan ka buɗe ta da rimot daga nesa amma ba ka buɗe ko ƙofa ɗaya ba, bayan kamar daƙiƙa 30 za ta sake kulle kanta, domin ta ɗauka hannunka ne ya taɓa maɓallin a aljihu. Idan kuma ka bar rimot ɗin a kan kujera ka fita ka nemi kulle ta, sai ta ƙi, ta yi ƙara. Alamar cewa ta kullu ita ce madubin gefe ya naɗe, sigina ta yi walƙiya. Duk da haka har yau nakan so in ja hannun ƙofa don in tabbatar, alhali jan hannun da rimot a aljihu shi ne yake sake buɗe ta.

Akwai abu biyu da nake so ka karanta da kyau, domin su ne suka fi shafar yadda muke amfani da mota a gida. Na farko shi ne kulle mai ninki biyu, wanda motoci da yawa na Turai suke da shi. Kullen da aka saba kamar sakata yake, na ciki yana iya zarewa; shi kuwa wannan kamar an ɗaura kwado ne daga waje, hannun ƙofa na ciki yana daina aiki gaba ɗaya. An yi shi ne don ɓarawon da ya fasa gilashi ya kasa zura hannu ya buɗe, kuma littafin motar ya yi gargaɗi ƙarara cewa kada a yi shi da mutum a ciki. A nan, inda rana ba ta cika zafi ba, gargaɗin yana da muhimmanci, balle a Kano cikin watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, inda mutum zai tsaya a bakin kasuwa ya ce wa yara su jira shi minti biyar. Ban da wannan, akwai na'urar da ke jin motsi a cikin mota, wadda za ta tayar da jiniya idan an kulle wani a ciki, da kuma ɗan maɓallin da ke gefen ƙofar baya wanda yake hana yara buɗewa daga ciki. Duk wanda zai riƙa tuƙa motar, har da direba, sai an zaunar da shi an nuna masa bambancin waɗannan.

Na biyun shi ne cewa motar ba ta mutuwa idan rimot ya yi nisa da ita bayan an tashe ta. Rubutu kawai za ta nuna a gaban direba cewa ba ta jin makulli, amma za ta ci gaba da tafiya, sai an kashe ta ne za ta ƙi tashi. Ka ƙaddara direba ya sauke ka a ofis da rimot a aljihun babbar rigarka, ya wuce ya ɗauko yara a makaranta, ya kashe mota a can: a nan za ta tsaya har sai an kai masa. Mu da muke miƙa mota ga direba da ƙane da mai wanki a rana ɗaya, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Batun sata kuwa ya ba ni mamaki. Tun daga Oktoban 1998 doka ta wajabta wa duk sabuwar motar da za a sayar a ƙasar nan na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na ainihi, kuma hakan ya kashe tsohuwar dabarar haɗa wayoyi. To, sai wannan sabon tsari ya buɗe wata ƙofar. Ɓarayi biyu suke zuwa da dare, ɗaya ya tsaya jikin ƙofar gida da na'urar da ke kamo siginar rimot daga ciki, ɗayan ya tsaya jikin mota da wata na'urar da ke karɓa, sai motar ta ɗauka mai ita ne ya zo, ta buɗe, ta tashi, ba a fasa komai ba. Cibiyar Thatcham, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta, ta fara bayyana wa jama'a sakamakon gwajin sababbin motoci a kan wannan dabara a 2019, kuma a shekarar ce Ford ya fito da rimot mai yin barci idan ya daɗe a ajiye bai motsa ba. Shawarar da 'yan sanda ke bayarwa ita ce a saka rimot cikin wata 'yar jaka mai rufin ƙarfe da ke tare sigina, a ajiye shi nesa da ƙofa, sannan a ɗaura ƙarfen kulle sitiyari. Wato dai ƙarfen nan da kake sa wa tsohuwar motarka, shi ne nake gani a sitiyarin motoci masu tsada a unguwarmu.

Inda bambanci ya fi fitowa tsakanin nan da gida shi ne idan abu ya lalace. Batirin rimot ɗan ƙarami ne mai siffar kwabo, galibi mai lamba CR2032, ana samun sa a kowane babban kanti da arha. Idan ya mutu a hanya, akwai siririn makulli na ƙarfe a ɓoye cikin rimot ɗin da za a buɗe ƙofar direba da shi, sannan a kusanta rimot ɗin da maɓallin tayarwa ko wurin da littafin ya nuna, motar ta tashi. Amma idan rimot ɗin ya ɓata gaba ɗaya, babu zancen zuwa wurin mai yankan makulli a gama cikin rabin awa. Dillalin motar zai nemi takardar rajistar mota da ake kira V5C da katin shaidarka, ya yi odar sabo, ya haɗa shi da kwamfutar motar, kuɗin kuma yakan kai ɗaruruwan fam, ga jiran kwanaki. Akwai ƙungiyoyin agajin hanya irin su AA da RAC, waɗanda ake biya duk shekara su zo inda ka maƙale, kuma suna aikinsu da tsari, ga garantin da yawancin sababbin motoci ke zuwa da shi na shekara 3. Aikin a nan yana da tabbas da rasit, amma ba shi da sauri, ba a kuma yin ciniki. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za ka sami abu a ranar, a farashin da za ka iya tayawa, sai dai ingancinsa ya danganta ga wanda ka faɗa hannunsa.

Shawarata ita ce kada ka nemi mota daga nan, domin sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma bin hannun dama a titi. Idan za ka sayi mai irin wannan makulli a cikin tokumbo, kada ka biya sai an ba ka rimot biyu kuma ka gwada kowanne a gabanka, har da siririn makullin da ke ciki, domin sau da yawa shi ne ba ya shiga ƙofar. Ka tambayi asalin ƙasar da ta fito, saboda rimot ɗin motocin Amurka yawanci a kan zangon 315 MHz yake aiki, na Turai kuma a kan 433, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya ko da sun yi kama a ido. Kada ka ƙara ko sisi saboda an ce ana kulle ta da manhajar waya, domin wannan hidima ce da kamfani ke buɗewa ƙasa-ƙasa, kuma bayan lokacin kyauta akan biya mata kuɗi. Kafin komai kuma, ka nemo rewaya mai kwamfutar da ta san irin motar, ka tabbatar ya taɓa haɗa mata sabon makulli. Idan babu shi a kusa, mota mai makullin juyawa da rimot na buɗe ƙofa kawai za ta fi ba ka kwanciyar hankali.

A gaishe mini da Hajiya da kyau, da maman yara da yaran duka.

Naka ƙane,
daga Birmingham